Kwana biyu a bitar lauyoyi: abin da ni da direba da Baba maigadi muka kwaso

Shekarata tara ina aikin anti a makarantun kuɗi a cikin garin Katsina. Ga wanda bai saba da nazire ba, anti ita ce wadda ke tsaye bayan malamar aji: mai kai yaro banɗaki, mai canza masa wando in ya ɓata, mai buɗe kular abinci, mai lallashi in kuka ya tashi, mai zaman bakin ƙofa har a zo a ɗauki yaro na ƙarshe ko da la'asar ta kawo jiki. Makarantu biyu na yi. A ta farko da baki aka ɗauke ni, da baki aka sallame ni. A ta biyu, wadda nake ciki yanzu ta wajen Ƙofar Marusa, shekara shida ke nan, kuma har hutun da ya wuce ba ni da takarda ko guda da ta ce ga aikina, ga albashina.

A cikin dogon hutun ƙarshen shekarar karatu aka turo sanarwa a zauren WhatsApp na ma'aikata, cewa wani ofishin lauyoyi a nan gari zai yi bitar kwana biyu, ba don malamai ba, don irinmu: su anti, masu shara, masu gadi, direbobi, akawuna, masu dafa abinci. Naira 15,000 kowane mutum. An ce kuɗin ya haɗa da abincin rana, da ɗan littafi, da samfurin takardar ɗaukar aiki, da damar kiran ofishin a waya har tsawon wata guda ba tare da ƙarin ko sisi ba. Hajiya mai makarantarmu ta biya wa Baba maigadi da direban bas, ta ce su harkar tsaro ta shafa. Ni na biya wa kaina da kwasar adashina, maigidana na ta yi mini tsiya wai bai taɓa ganin wanda ya biya kuɗi don a gaya masa an cuce shi ba. Sunan ofishin zan bar shi a cikina, don akwai wuraren da zan taɓa su, kuma ba faɗa na zo yi ba.

A ɗakin taro na wani otal aka yi, a gefen titin IBB. An ce ƙarfe tara, ba a fara ba sai sha ɗaya saura, ana ta fama da janareto da majigi. Mun kai mu arba'in a kan kujerun roba. Lauyoyi biyu ne: babban Barista, dattijo mai furfura a gemu wanda Hausarsa ta gidan nan ce tsantsa, da wata ƙaramar Barista da ba za ta girme ni ba. Abin da majigi ke haskawa duk Turanci ne, bayani kuma da Hausa. Bayan minti goma na daina kallon bango na koma kallon bakin mai magana.

Abin da ya fara da shi ne ya sa na gyara zama. Ya ce Dokar Ƙwadago, wadda ke cikin kundin dokokin tarayya na 2004, ba kowane mai albashi ta kira ma'aikaci ba. Sashe na 91 ya ce mai aikin ƙarfi da mai aikin akawu take nufi, ta cire manyan jami'ai da masu aikin ƙwarewa. "Malamin aji ma in ya zo gabana sai mun yi muhawara a kan ko dokar nan ta rufe shi," in ji shi. "Amma mai tsintsiya da mai gadi da mai tuƙi, ku ne 'yan gida. Domin ku aka rubuta ta." Mu da kullum aka zo rabon wani abu a makaranta sai a ce malamai tukuna, sai ga shi an ce mu ne gaba a wani layi.

Daga nan ya shiga sashe na 7. Duk wanda ya ɗauke ka aiki, kafin wata uku ya cika dole ya ba ka takarda mai ɗauke da sunansa da naka, ranar da ka fara, irin aikin, yawan albashi da lokacin biya, awannin aiki, hutu, abin da za a yi in ka kwanta ciwo, da tsawon notis in za a rabu. Notis ɗin ma doka ta yi masa matakala a sashe na 11: wanda bai wuce wata uku ba kwana ɗaya, wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba mako ɗaya, daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar mako biyu, shekara biyar zuwa sama wata guda. In notis ya kai na mako ɗaya, sai a rubuce. Ya kuma ja mana kunne cewa wuƙar nan baki biyu gare ta: kai ma in za ka ajiye aiki, notis ɗin nan yana kanka. Ba a kwana a tashi a ce an samu wani wuri, a bar yara ashirin ba mai kai su banɗaki.

A nan na ɗaga hannu, murya na rawa, na ba shi labarina. Shekara uku da 'yan watanni na yi a makarantar farko. Da cikin ɗana na biyu ya tsufa na je neman hutu, aka ce, "Je ki haihu lafiya, in da gurbi ma neme ki." Ba a neme ni ba, ba a kuma ba ni ko kuɗin sabulu ba. Barista ya buɗe sashe na 54 ya karanta ya fassara: mako shida kafin haihuwa in likita ya ba da takarda, mako shida bayanta, da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata shida tana aiki a wurin, kuma ba a yarda a ba mace notis ɗin sallama tana cikin wannan hutu ba. In ta dawo tana shayarwa, tana da rabin awa sau biyu a rana. Na ce to yanzu fa? Ya dube ni ya ce, "Malama, a hannu ake ba ki albashi ko ta banki?" Na ce a hannu, cikin ambulan. "Akwai inda kike sa hannu?" Na ce babu. Ya ce, "Shekara shida, ba takarda, ba alat, ba sa hannu. Da me zan tsaya gaban alƙali? In na ce miki ki kawo kuɗi mu shiga kotu na cuce ki karo na biyu." Na ji zafin maganar, amma tun daga lokacin na yarda da mutumin. Lauyan da zai kori kuɗi daga ƙofarsa ba kullum ake gamuwa da shi ba.

Tarar makara ma ta sha suka. Kusan duk makarantun da muka fito ana yanke wani abu in ka zo bayan an buga ƙararrawa. Mu naira 500 ce. Sashe na 5 ya hana yanke albashi da sunan tara. Ko asara ka jawo da gangan ko da sakaci, sai an samu izinin jami'in ƙwadago a rubuce kafin a taɓa albashinka. Ya faɗi hutun shekara, aƙalla ranakun aiki shida bayan wata goma sha biyu, da na rashin lafiya har ranakun aiki 12 a shekara da albashi in akwai takardar likita. Wannan ya wuce da sauri, mu ma ba mu tsayar da shi ba, don kowa jira yake a zo kan kuɗi.

Da aka zo kuwa ɗakin ya ɗauki zafi. Ya bi tarihin mafi ƙarancin albashi: naira 18,000 a 2011, 30,000 a 2019, sai 70,000 da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yulin 2024. Bai rufe baki ba aka ɓarke da tafi, wata mai shara a layin gabana har da guɗa. Ya bar mu muka gama. Sannan ya ce, "To kowa ya ƙirga mini ma'aikatan makarantarsu, tun daga hedimasta har maigadi." Na shiga lissafi da yatsu, direbanmu na taya ni: malamai 13 har da hedimasta, anti huɗu, masu shara biyu, akawu, direba, maigadi. Mu 22. Na sake ƙirgawa ko na manta wani, 22 dai. Barista ya ce dokar ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma a da ma 50 ne, dokar 2019 ce ta sauko da shi. Ɗakin ya yi tsit kamar ruwa ya cinye mu. Can sai Baba maigadi ya sunkuyo ya ce mini da muryar da yake zaton raɗa ce, "To ɗiyata, a ɗauko mutum ukku mana." Har Barista sai da ya cire tabarau ya yi dariya. Da ya ga dama zai iya wucewa bai faɗi wannan togaciya ba, mu fita muna murna, mu je mu yi wa masu makarantu tsaye da dokar da ba ta kama su ba, a kore mu a banza. Bai yi haka ba.

Abin mamaki, inda albashi ya kuɓuce mana, fansho ya kama mu. Dokar fansho ta 2014 ta hau kan wurin aiki mai zaman kansa da ke da ma'aikata 15 zuwa sama. Ma'aikaci kashi 8 cikin 100, mai wurin kashi 10 cikin 100, a zuba a asusun da ke da sunan ma'aikacin cikin ranakun aiki bakwai da biyan albashi, kuma asusun naka ne ko ka canza wurin aiki. Ya yi mana misali a allo da mai ɗaukar naira 35,000: a cire masa 2,800, makaranta ta ɗora 3,500. Nan aka rabu gida biyu. Direbanmu ya ce shi dai a bar masa abinsa, wanda bai ƙoshi yau ba ina ruwansa da tanadin tsufa. Wani akawu daga wata makarantar Islamiyya ya tambayi maganar kuɗin ruwa, ƙaramar Barista ta ce tun 2021 hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, ta buɗe asusun fansho na shida wanda ba a juya kuɗinsa a harkar ruwa, mutum na iya cike fam ya ce can yake so. Ni dai ina ganin direba yana da gaskiyarsa, cire 2,800 daga albashin da ba ya kai ƙarshen wata ba wasa ba ne. Amma na dubi Baba, shekara goma sha ɗaya yana buɗe ƙofa ɗaya, ranar da ƙafa ta gaza ba abin da zai tafi da shi sai buta da tabarma.

Abincin rana shinkafa ce da miya da yankan nama ɗaya, da lemon kwalba da bai ga sanyi ba. Ba laifi, ba kuma yabo. Wurin sallar mata kuwa wani lungu ne kusa da janareto. Otal ɗin da zai karɓi taron da rabinsa mata ne ya kamata ya fi haka.

Bayan Azahar aka yi maganar diyya. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ce mai wurin aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF, daga aljihunsa, ba daga na ma'aikaci ba. In ka ji rauni a bakin aiki, ko a hanyarka kai tsaye tsakanin gida da wurin aiki, ka sanar da mai wurin cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto hukumar cikin kwana bakwai. Wata dattijuwa mai dafa abinci a makarantar kwana ta naɗe hannun rigarta ta nuna tabon ƙuna tun daga gwiwar hannu har wuyan hannu, ta ce tukunyar miya ce ta kife mata, abin da aka ba ta "sannu" ne da hutun kwana uku. Da Barista ya tambayi wa ya taɓa jin sunan hukumar, hannu biyu kawai aka ɗaga.

Ranar farko ta haƙƙin da muke bi ce. Ta biyu ta abin da ake binmu, kuma in gaskiya zan faɗa, ita ce ta biya kuɗina. Ƙaramar Barista ce ta riƙe ta, ba ta ma kunna majigin ba. Ta ce, "Wa ya taɓa ba yaro farasitamol a makaranta?" Kusan duk su anti muka ɗaga hannu, har da alfahari. "Wa ya kira uwar yaron tukuna?" Hannuwa suka sauka. Ta ce ba ki san ko an ba shi a gida awa ɗaya da ta wuce ba, ba ki san ko zazzaɓin nan na mai sikila ne da ke buƙatar asibiti ba. Ta kawo dokar 'yancin yara ta tarayya ta 2003, da dokar kare yara ta jihar nan da Gwamna Aminu Bello Masari ya sa wa hannu a 2020, amma ba ta tsaya karanto sassa ba. Cewa ta yi daga lokacin da yaro ya tsallako ƙofa har ya koma hannun mai shi amana ne, kuma in sakaci ya cutar da shi za a tambayi makaranta, a kuma tambayi wadda take tsaye a wurin. Kada ki rufe ƙofa daga ke sai yaro. In za ki canza masa wando, wata babba ta san kina ciki. Duk faɗuwa, duk ƙwarzane, duk kumburi, a rubuta a littafi: rana, lokaci, abin da aka gani, wanda aka gaya wa.

Sai ta kira ni gaba, wai tunda na fi kowa surutu jiya. Ta tsuguna ta zama 'yar shekara biyar, ta kama gefen hijabina ta ce, "Anti, zan gaya miki wani abu amma kar ki gaya wa kowa." Ban yi wani tunani ba na ce, "Wallahi ba mai ji, faɗa mini." Ta miƙe ta karkaɗe siket ta ce, "Kin faɗi jarrabawa tun a tambayar farko." Ta ce ba ki da ikon yin wannan alkawari, domin in abin da za ta faɗa na cin zarafi ne, dole ki kai shi gaba, kuma yarinyar da kika yi wa rantsuwa kika saɓa ba za ta ƙara buɗe baki ga babba ba. Abin da za ki ce shi ne, ina jin ki, kuma in abin yana buƙatar taimako zan gaya wa wanda zai taimake ki kaɗai. Kada ki yi mata tambayar ƙwaƙwa, kada ki sa mata suna a baki, kada ki duba jikinta da kanki, kada ki ɗauki mayafi ki nufi gidansu. Ki rubuta kalmominta yadda ta faɗe su, ki kai wa shugaban makaranta a ranar. Na koma kujerata jikina a sanyaye, don na tuna sau biyu a shekarun nan da aka ce mini "Anti, kar ki gaya wa kowa," kuma duka biyun ban gaya wa kowa ba.

Maganar hoto ma ta same ni. Yaro ya yi kyau ranar al'adu, ka ɗauka ka ɗora a sitatus, kana ganin ƙauna ce. Ta ce dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta sa sai da amincewar iyaye ko mai riƙo ake sarrafa bayanan yaro, kuma hoto na ciki. A cikin Napep ɗin da ya mayar da ni Rafindaɗi na zauna ina goge hotunan 'ya'yan mutane daga wayata, sun fi hamsin.

Da aka zo kan tsaro ba sai an yi wa kowa dogon bayani ba. Duk wanda ke jihar nan ya tuna daren 11 ga Disamban 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Ta ce bayan nan, a 2021, gwamnatin tarayya ta fitar da manufa ta ƙasa a kan tsaron makarantu da kawar da cin zarafi a cikinsu. Baba ya miƙe, ya gyara hula ya ce, "Allah shi gafarta Malama, ni da sanda ɗaya da tocila, mi doka ta ce in yi in sun zo?" Ta ce, "Baba, ba wanda ya ce ka tare bindiga da ƙirji. Aikinka kafin su zo ne." Littafin baƙi a bakin ƙofa. Lambobin wayar da za a kira a manne a bango, ba a cikin kai ba. Usur da kowa ya san ma'anarsa. Ƙofa ta biyu da ba a tare ta da tsofaffin bencina ba. Sai babban abu, wanda ya fi 'yan bindiga yawan faruwa a cikin gari: mutum ya zo ya ce shi kawun yaro ne, ko mahaifinsa ne alhali an rabu da uwar ana rigimar riƙo a kotu. Baba ya ce a Katsina kowa ya san kowa, da wane ido zai dubi Alhaji mai babbar riga ya ce bai ba shi ɗan ƙanensa? Ta ce, "Ka ce masa, Alhaji, ba ni ba ne, littafi ne. Sunanka ba ya ciki, bari a kira." Baba ya maimaita sau biyu yana gyaɗa kai.

To ga inda suka gaza. Da aka tambayi maganar bulala, babban Barista ya yi ta kewaye-kewaye, ya tafi can ya dawo nan, daga ƙarshe abin da muka samu kawai shi ne mu da ba malamai ba kada mu riƙe ta. Tambayar da kowa ya zo da ita a baki ta cancanci amsa miƙaƙƙiya. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019 aka ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyar shiga, minti biyar aka ba ta, ana kallon agogo. Ni kuwa akwai yaro a ajinmu da ba ya tafiya, ni nake ɗaukarsa in hau da shi matakala uku kullum, kuma na so in ji in ya suɓuce mini wa za a tambaya. Ban samu dama ba. Akwai kuma mutum shida ko bakwai daga firamaren gwamnati da ke ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, waɗanda sai da suka biya suka zauna sannan aka gaya musu yawancin maganar ranar farko ba tasu ba ce, nasu al'amarin yana bin ƙa'idojin aikin gwamnati da ƙungiyarsu. Layi ɗaya a cikin sanarwa da ya hutar da su.

Babban ƙorafina shi ne takardun. Ɗan littafin da aka raba Turanci ne daga bango zuwa bango. Samfurin takardar ɗaukar aikin shafi huɗu ne na Turancin kotu, wanda ni da na yi sakandare sai da na karanta sau uku. Mutanen da suka wuni suna gaya mana kada mu sa hannu a abin da ba mu fahimta ba, su ne suka miƙa wa Baba, wanda ajami kaɗai yake karantawa, takardar da ba zai iya gane ko sunansa a ciki ba. Ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya naɗe ya sa a aljihu don kada ya ba su kunya. Ofishin da ke da dattijo mai irin wannan Hausa ba shi da uzurin da zai kasa fassara shafi huɗu.

Damar kiran waya kuma na gwada ta. Tambayata a kan albashin watan Agusta ce, wanda makarantu da yawa ba sa biya wai ba a karɓi kuɗin makaranta ba. Na kira sau uku a kwana uku ba a ɗauka ba, na huɗu wani yaro ya ce Barista na kotu. Sai da na cire rai, ƙaramar Barista ta kira ni bayan Isha ta ba ni haƙuri. Ta ce in albashin wata-wata ne kuma aikin bai yanke ba, ina da hujja mai ƙarfi, amma abin da zai kashe gardamar shi ne a rubuta matsayin watan hutu ƙarara a cikin takarda. In an saɓa, a fara da zama da mai makaranta, sannan ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya. Ta ƙara da abin da ban sani ba: rigimar aiki ba ta 'yan sanda ba ce, ba kuma ta kotun unguwa ba, tun gyaran tsarin mulki na 2010 Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce kaɗai ke da hurumin sauraronta. Amsar ta yi, jiran ne bai yi ba. Wanda katinsa na kira ɗaya ne da tuni ya haƙura.

In an sake yi, kuma na ji ana cewa za su kai ta Daura, shawarata ga ƙaramar makaranta kada ta tura mutum uku. Ta tura ɗaya mai karatu da bakin tambaya, ita kuma mai makarantar ta biya wa kanta ta zauna a ɗakin, don rabin abin da aka faɗa kunnenta ya kamata ya ji, kuma ya fi sauƙin shiga daga bakin lauya a kan daga bakin anti.

Ni kuwa daga bakina Hajiya ta ji. Na same ta a ofis ana saura mako ɗaya a koma, na zauna a ƙasan kafet na ce, "Hajiya, ranki ya daɗe, saƙo ne na kawo, ba ƙara ba." Ta saurare ni har na gama, ta ce ashe da kuɗinta ta sayo wa kanta aiki. Ta yarda da takarda ga kowa, ta soke tarar makara ta ce za a koma gargaɗi a rubuce, ta sa akawu ya sayo manyan littattafai biyu, na ƙofa da na rauni. Watan Agusta muka tsaya a rabin albashi, a rubuce. Fansho da NSITF ta ce sai ta ga yadda kuɗin zango na biyu zai shigo, kuma har yau da nake rubutun nan shiru ne.

Takardar, ni da malamin Hausa muka zauna kwana biyu muka mayar da ita shafi ɗaya da rabi. Malamin Islamiyyarmu ya kwafe ta da ajami domin Baba. Ranar sa hannu ya zauna a bencinsa na bakin ƙofa yana bin layi da yatsa, leɓensa na motsi. Da ya iso wurin notis ya tsaya, ya ɗago ya ce, "Ɗiyata, ashe ni mai wata guda ne." Ya rubuta sunansa da larabci a ƙasa, ya naɗe tasa a cikin leda ya tura a aljihun 'yar ciki.

A mako na biyu da komawa wani mutum ya faka mota ya ce ya zo ɗaukar ɗan yayarsa. Ina jiyo Baba daga tagar ajinmu yana cewa, "Alhaji, ba ni ba ne, littafi ne." Mutumin ya yi ta faɗa na kusan minti goma kafin a samu uwar a waya. Kawun yaron ne kuwa da gaske. Washegari ta zo da kanta ta sa aka ƙara sunansa.